Fitilun manyan motoci da dare: su ne suka ƙara ƙarfi ko idona ne ya gaza?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ke damuna, na gaji da yin mitarsa ni kaɗai a cikin mota, shi ya sa na kawo shi nan. Shekarata 63, kuma na haura shekara 35 ina riƙe da sitiyari. Da can tuƙin dare ya fi mini daɗi: ba cunkoso, inji ba ya zafi, kai ma ba ka galabaita. Amma shekara biyu zuwa uku ke nan abin ya juya mini baya. Da zarar babbar mota ta tunkaro ta dallo mini fitila, shi ke nan, hanya ta ɓace ɗungurungum. Ba layi, ba gefen titi, sai wani farin hayaƙi a gabana. Ko bayan ta wuce sai na ɗan jima kafin ido ya dawo.

Daren Talata Allah ne kawai ya tsare. Tirela ta ba ni ful a kan kwana, na ƙyafta mata sau uku ba ta sauke ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, tana wucewa sai ga mai keke a gabana, bai fi taku goma ba, ba fitila ba komai. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. To don Allah, fitilun zamanin nan ne suka wuce gona da iri, ko direbobin manyan motoci ne ba su da tausayi? Don ni dai idona garau yake, ko tabarau ba na sawa sai in zan yi karatu.

Larai: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, Alhaji. Wallahi ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ni yanzu magariba na yi nake fakin, in ba dole ba. Farin hasken nan mai kama da walƙiya har ciwon kai yake sa ni.

Ɗanlami Direba: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Amma a yi mana adalci. Shekarata 22 a kan tirela, kuma abin da kuke mana ku masu ƙananan motoci ba a cewa komai. Sau nawa ina dim mutum zai yi ta ƙyafta mini wai in sauke? In sauke zuwa ina, in kashe gaba ɗaya? Ranar da na gaji na ɗaga wa wani ful na daƙiƙa ɗaya don ya ga bambanci, sai da ya kusa sauka daga titi. Laifi tudu ne.

Alhaji Garba: Ɗanlami, ni ban ce duka ba. Amma na ranar Talata ful ya ba ni, rantsuwa ba kaffara.

Ɗanlami Direba: Ban musa ba, Alhaji, akwai marasa kirki a cikinmu. Akwai ma masu jera ƙarin fitilu shida a saman kan mota su kunna su ko da mutum na tahowa. Wannan ko ni ina tsine masa. Abin da nake cewa, ba duk hasken da ya kashe maka ido ne ful ba.

Malam Tijjani: Maganar Ɗanlami tana da tushe, kuma tushen tsayi ne. Masu zana hanyoyi a Amurka suna lissafin cewa idon direban ƙaramar mota yana kan tsayin mita 1.08 daga ƙasa, na direban babbar mota kuwa sama da mita 2.3. Ita kuma fitilar gaba, ƙa'idar Turai ta yarda a kafa ta daga santimita 50 har zuwa 120, ta Amurka har inci 54, wato kusan santimita 137. Ku haɗa biyun ku gani. Fitilar da aka kafa a mita ɗaya da ɗoriya tana daidai saitin idon wanda ke zaune a ƙaramar mota. Ko a dim take, in ta ɗaga kai kaɗan kawai, cikin ƙwayar idonka za ta sauka. Shi kuma direban tirela yana can sama, hasken ƙananan motoci a ƙarƙashinsa yake wucewa, don haka ba ya ɗanɗanar irin abin da yake ɗanɗana wa wasu. Ba mugunta ba ce, bai san ma yana yi ba.

Ɗanlami Direba: Malam, wannan ta ƙarshen ban yarda da ita duka ba. Muna sha mu ma, musamman a gangara in mota na hawowa, ko masu manyan jif ɗin nan. Amma na yarda da abu ɗaya: in lodi ya danne bayan kan mota, hancin yana ɗagawa, fitila ta kalli sama. Wannan gaskiya ne, kuma ba kowa ke gyara saitin ba bayan ya yi lodi.

Usman Rewaya: Ku bari in shigo, don nan ne wajen aikina. Yawancin abin da ke kashe wa mutane ido ba tsayi ba ne, ba kuma ƙarfin ƙwai ba ne, rashin saiti ne da haɗin gambiza. Gidan fitila an ƙera shi ne don ƙwai iri ɗaya. Ƙwan halojin, irin H4 ɗin nan da kowa ya sani, yana da ɗan siririn zare a wani wuri takamaimai, kuma madubin da ke bayansa an lanƙwasa shi ne daidai da wurin zaren, don ya tattara hasken ya kwantar da shi a kan titi, ya yanke shi daga sama. In ka haska bango da dim mai lafiya za ka ga layi a yanke tsaf, ƙasa haske, sama duhu.

To sai mutum ya cire wannan ya cusa ƙwan LED a gidan da ba nasa ba. Hasken ba daga wurin da madubin ke jira yake fitowa ba, sai ya tarwatse ko'ina: saman bishiya, allon talla, idon mai zuwa. Mai motar yana ganin gabansa ya yi fari fat yana murna, alhali can nesa inda ake buƙatar hasken ba abin da ya ƙaru, wani lokacin ma raguwa ya yi. A Ingila tun 2021 in ka kai mota gwajin shekara aka ga ka sa LED ko zenon, wani farin ƙwai mai ƙarfi, a gidan halojin, ta faɗi ke nan.

Sai kuma masu ƙara wat. H4 na ƙaramar mota 60/55 ne, wato wat 60 a ful, 55 a dim, na babbar mota mai bolt 24 kuma 75/70. Mutum ya ce a sa masa 100/90. Wata shida soket ya narke, madubin ciki ya dafe, ya dawo yana cewa fitila ta rage haske.

Abba: Oga Usman ni fa LED na sa kuma wallahi tun da na sa ban ƙara shan wahala da dare ba. In kowa ya sa ai an huta, wanda ya dalle ka kai ma ka dalle shi 😂

Usman Rewaya: Abba, makafi biyu ke nan suna tunkarar juna da gudu. A gidan asali ka sa ko ka canza gidan gaba ɗaya?

Abba: Ƙwan kawai na canza.

Usman Rewaya: To kai ne wanda Alhaji ke ƙorafi a kai, tirela ce kawai ba ka da ita.

Larai: Abba ɗana, Allah ya shirye ka. Irinku ne kuke bin mutum a baya madubi ya zama kamar rana.

Malam Tijjani: Hajiya, wannan kam akwai maganinsa nan take. Madubin tsakiya yana da ɗan maɓalli a ƙarƙashinsa, ki ja shi, hasken zai dushe amma za ki ci gaba da ganin motar. Mutane da yawa sun shekara goma da mota ba su taɓa taɓa shi ba.

Dokta Maryam: Assalamu alaikum. Na karanta daga farko. Duk abin da Usman da Malam Tijjani suka faɗa haka yake, amma Baba Alhaji, ka yi haƙuri, akwai jumla ɗaya a rubutunka da ta fi tsaya mini a rai fiye da maganar tirela. Ka ce ko bayan motar ta wuce sai ka jima kafin ido ya dawo, kuma shekara biyu zuwa uku ke nan. Fitilar waje ba ta san shekara uku ba. Wannan daga ciki ne.

Bari in ɗan tsawaita, don abin ya shafi duk wanda ya haura 50 a nan, har da ni.

Na farko, ƙofar haske, wato ɗigon da ke tsakiyar baƙin ido. A duhu tana buɗewa don ta kwashi haske. Ta ɗan shekara 20 tana kai milimita 7 ko 8, ta dattijo kuwa da ƙyar take wuce 4 ko 5. Bayanta kuma akwai gilashin cikin ido, wanda yake garai-garai a ƙuruciya, sai ya riƙa yin kauri da rawaya-rawaya da shekaru. In aka haɗa biyun, hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Hanya ɗaya, mota ɗaya, fitila ɗaya, amma dare biyu ne daban.

Abin da ya fi wannan shi ne tarwatsewar haske. Gilashin da ya fara dusashewa ba rage haske kawai yake yi ba, watsa shi yake yi a cikin idon. Ka taɓa tuƙi da gilashin gaba mai maiƙo rana na dukansa? Haka abin yake, sai dai wannan ba ka da tsumman da za ka goge shi. Farin hayaƙin da ka ce kana gani shi ne wannan. Mai keken yana nan, hotonsa ya shiga idonka, amma hasken da ya watsu ya lulluɓe shi. In dusashewar ta yi nisa ita ce yanar ido, kuma sau da yawa alamarta ta farko ba gani dishi-dishi da rana ba ne, ƙin hasken fitila ne da dare, da ganin zobe ko tartsatsi kewaye da kowace fitila.

Sai dawowar ido. Ƙwayoyin da ke gani a duhu haske mai ƙarfi yana ƙarar musu da sinadarin da suke aiki da shi, sai sun sake haɗa shi. Sabawa da duhu gaba ɗaya yana cin minti 20 zuwa 30 ko ga matashi, kuma da tsufa abin yana ƙara nawa.

Alhaji Garba: Dokta, na ji, amma ni fa bara aka gwada ni lokacin sabunta lasisi, na karanta allon har layin ƙasa. Mai yana zai karanta?

Dokta Maryam: Tsaf zai karanta, Baba. Allon nan baƙin harafi ne a kan farin fage, a ɗaki mai haske, ba abin da ke haska maka fuska. Shi yana auna ƙanƙantar abin da kake iya gani ne. Hanyar dare kuwa tambayarta daban: za ka iya raba mutum mai tufafi masu duhu da kwalta mai duhu, alhali ana dalle ka? Mutum zai iya cin gwajin farko da kyau ya faɗi na biyu warwas. Shi ya sa da yawa suke rantsuwa idonsu lafiya, kuma ba ƙarya suke ba, da rana suke aunawa.

Alhaji Garba: Hmm. An dai ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Abba: Da rana ke nan Baba, da dare kuma sai a ba yaro sitiyari 😂

Alhaji Garba: Ja'iri. Je ka cire ƙwan nan tukuna.

Sabi'u: Ba dundumi ba ne kuwa? Kakana haka ya yi, rana na faɗuwa sai a ja shi.

Dokta Maryam: Dundumi daban ne, Malam Sabi'u. Mai dundumi duhun ne ba ya gani a cikinsa sam, ko babu wata fitila a gabansa, kuma yakan zo daga ƙarancin bitamin A ko ciwon da ake gado. Abin da Baba ya kwatanta haske ne ke kashe shi. Duk da haka ba zan yanke hukunci daga rubutu ba. Ciwon suga yana kawo yana da wuri kuma yana taɓa bayan ido. Hawan jinin ido yana cin gani daga gefe-gefe a hankali, mutum bai sani ba, ba kuma ciwo. Bushewar ido ma tana sa fitila ta yi tartsatsi, haka tsohon tabarau da ya karce ko awon da ya tashi aiki. Duba ɗaya ke raba su.

Larai: Dokta, ni kuma tabarau mai ruwan ɗorawa na saya, wanda ake cewa na tuƙin dare. Gaskiya ina jin sauƙi in na sa. Ko Alhaji zai gwada?

Dokta Maryam: Yaya Larai, sauƙin da kike ji gaskiya ne, amma sauƙi daban gani daban. A 2019 masu bincike a cibiyar Schepens da ke tare da jami'ar Harvard sun gwada irin tabaran nan a na'urar kwaikwayon tuƙin dare, da hasken fitila mai tunkarowa da kuma babu. Bai taimaka wajen hango mai tafiya a ƙasa ba. Dalilin a fili yake, duk gilashi mai launi wani kaso na haske yake tarewa. Yana rage na tirelar, yana kuma rage na mai keken, kuma shi ne wanda ba shi da rarar da za a rage. Idon da tun farko kashi ɗaya cikin uku yake samu, kin ga ba a yi masa gata ba. In tabarau za ki sa da dare, farin gilashi mai awonki daidai, wanda aka yi wa shafen hana ƙyalli.

Larai: Kai! Ashe kwalliya kawai nake yi.

Usman Rewaya: Amma Dokta, launi yana da tasiri fa. Faransa ta tilasta fitila mai ruwan ɗorawa tun 1937 har zuwa 1993. Kuma kowa ya san farin LED ya fi halojin zafi a ido.

Dokta Maryam: Ya fi ciwo kam. Halojin yana wajen 3200 a ma'aunin launin haske na Kelvin, LED kuwa yakan kai 6000, ya karkata zuwa shuɗi, kuma ido ya fi jin zafin mai shuɗin ko da ƙarfinsu ɗaya. Ga shi yana fitowa daga ɗan ƙaramin wuri, kamar tsinke. Amma canza launin fitilar da ke haska hanya daban ne da sa wa idonka labule.

Malam Tijjani: Ni abin da ba a taɓo ba tukuna shi ne gudu, kuma shi ne kaɗai abin da ke hannun direba a wannan daƙiƙar. Ga lissafi, kowa ya gwada da kansa. Kilomita 100 a awa daidai yake da kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In aka kashe maka ido na daƙiƙa uku, ka ci mita 83 a makance. Kafin ka ga abu, ka gane shi, ƙafa ta isa birki, a ce daƙiƙa ɗaya da rabi, mita 42. Birkin kansa a busasshiyar kwalta da taya mai kyau kusan mita 56. Jimla ya kusa mita 100. Dim ɗinka kuwa iyakarta mita 50 zuwa 70, in mai lafiya ce. Wato duk wanda ke gudun 100 a kan dim yana tafiya ne a kan fatan babu komai a wajen da haskensa bai kai ba. A gudun 60 jimlar tsayawa ta dawo kusan mita 45, nan ne birki da fitila suka fara jituwa.

Ba mamaki Amurkawa suke cewa rubu'in tuƙinsu kawai ake yi da dare, amma kusan rabin mace-macen hanya a lokacin suke faruwa.

Ɗanlami Direba: Malam, a takarda daidai ne. Amma ka yi 60 a babbar hanya da dare ka ga yadda na baya zai hau ka. Mu da muke ɗauke da tan 30 ba ma tsayawa a mita 56, ko kusa. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙaramar motar da aka kashe wa ido ta taka birki tashi ɗaya a tsakiyar hanya. In an dalle ku, don Allah ku ɗaga ƙafa a hankali, ku riƙe hannunku, kada ku kalli fitilar. Ka sauke ido kan layin gefenka ka bi shi har ta wuce. Ido yana da son kallon haske, kuma inda ido ya tafi nan sitiyari ke bi.

Malam Tijjani: Ban ce a rarrafa a tsakiyar titi ba. Na ce kowa ya san abin da yake saye da gudunsa.

Ɗanlami Direba: Kuma a daina ramuwa. Ka ƙyafta sau ɗaya ko biyu ya isa. In ka bar mini ful a fuska don haushi, ni ma ban gan ka ba, kuma in aka haɗu kowa ya san wanda za a kwasa.

Hadiza: Ni tambayata ga Oga Usman. Fitilata ba ta damun kowa, ni take damu, kamar aci-bal-bal. Murfin ya yi rawaya. Ƙwai zan canza?

Usman Rewaya: Kada ki fara da ƙwai, ƙanwata. Murfin roba ne, rana ce ta cinye shafen da ke kansa. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna irin waɗannan a 2018 ta samu cewa wasu kashi 22 cikin 100 kawai suke fitarwa na hasken sabuwa. Motar ma tana yin yana ke nan, irin ta Alhaji.

Alhaji Garba: Usman, ba a tabbatar ba tukuna!

Usman Rewaya: Tuba nake, ranka ya daɗe. Hadiza, a goge murfin da takardar gurza mai laushi sannan a sake masa shafe, in ba a shafa ba wata kaɗan zai koma. In ya tsattsage a canza. Sannan kowa ya yi wannan gwajin, ba ya buƙatar kowa: ka samu fili mai daidai, ka tsaya mita 10 daga bango, ka auna tsayin tsakiyar fitilarka daga ƙasa ka yi alama a bangon. Kunna dim. Layin da hasken ya yanke ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10. A jikin gidan fitilar ma sau da yawa za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2%, ma'anarsa ke nan. Mota mai tsayi ana ƙara sunkuyar da tata fiye da haka. In layin ya hau saman alama, kai ne mai kashe wa mutane ido. In kuma ba layin sam sai haske a watse, gaida Abba.

Akwai kuma ɗan dabaran nan kusa da sitiyari mai 0, 1, 2, 3. Wasu suna zaton na hasken dashbod ne. Na sauke fitila ne in ka cika but ko ka ɗauki mutane a baya.

Dokta Maryam: Tunda an ambaci dashbod, a rage haskensa da dare, a kuma kife waya. Duk abin da ke haske a cikin mota yana tsuke ƙofar idon da kake so ta buɗe. A goge gilashin gaba ta ciki, ba ta waje kawai ba, can ne maiƙon yake taruwa.

Abba: Ni na ga bidiyon wata mota da take barin ful a kunne amma tana yanke hasken daidai wajen motar da ke zuwa. Wannan ai shi ne maganin rigimar nan duka.

Usman Rewaya: Akwai shi. Audi ta fito da nata a A8 a 2013, ƙananan LED da yawa ne da kyamara, tana kashe waɗanda ke kallon mai zuwa ta bar sauran. Amurka ma sai a 2022 ta halatta shi. Amma wannan ƙirar kamfani ce tun daga tushe, ba ƙwan da ka murɗa da hannunka ba. Kuma kafin ya game duk motocin da ke kan hanya, kai ma ka fara neman tabarau.

Alhaji Garba: Dokta, a ce yanar ce. Shi ke nan na ajiye mukulli?

Dokta Maryam: A'a Baba. Cikin duk abin da na lissafa ita ce mai sauƙin magani. Ana cire gilashin da ya dushe a sa na roba, aikin yawanci bai wuce rabin awa ba, kuma ba sai an jira ta nuna ba kamar yadda ake cewa a da. In ta fara hana ka abin da ka saba yi, lokaci ya yi. A wani bincike da aka buga a 2002 a jihar Alabama an bi tsofaffin direbobi masu yana, waɗanda aka yi wa aiki yawan haɗarinsu ya kai kusan rabin na waɗanda ba a yi wa ba. Abu biyu kawai. Ka gaya wa likitan kana tuƙin dare, don akwai irin gilashin da ke raba gani kusa da nesa wanda yakan bar zobe kewaye da fitila. Sannan ranar dubawa ka tafi da wanda zai tuƙo ka, za a ɗiga maka maganin buɗe ido, za ka yi awanni kana gani garara. Kafin nan kuma, don Allah a bar tafiyar dare.

Alhaji Garba: To. Zan je, ko don in kawo muku takarda ku ga lafiyata lau.

Alhaji Garba: Salam. Na dawo da rahoto bayan mako biyu, kuma takardar ba ta goyi bayana ba. Yana ce a ido biyu, ta hagu ta fi. Allon na karanta shi kamar bara, har ina murmushi. Sai likitan ya haska wata 'yar fitila daga gefe ya ce in sake. Layi uku suka ɓace ina kallo. Suga lafiya, babu hawan jinin ido, alhamdu lillahi. An sa mini ranar aikin na hagu wata mai zuwa. Amma ina nan kan bakana, mutumin ranar Talata ful ya ba ni.

Larai: Allah ya sa a yi a sa'a, Alhaji. Ni ma na karɓi rana, tabaran kuma na ba jikata tana wasa da shi.

Dokta Maryam: Allah ya ba da lafiya, Baba. Ka kiyaye ɗigon magani bayan aiki, kuma kada ka koma tuƙi sai likitan ya sallame ka.

Ɗanlami Direba: Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Ni ma na yi gwajin bangon Usman a garejinmu, da lodi a kai. Ta dama daidai take. Ta hagu, wadda ke kallon masu zuwa, ta haura alama da kusan taƙi guda. Ban san tun yaushe take haka ba. An saita ta jiya.

Alhaji Garba: Ɗanlami, wace hanya ka bi daren Talatar nan?

Ɗanlami Direba: Alhaji, ina hutu ranar. Ina da shaidu.

Usman Rewaya: Saura mutum ɗaya. Abba, ina ganin ka karanta.

Abba: Tsofaffin ƙwayayen suna but, Oga. Asabar da safe kana nan?